Furodusa yana Kano kai kana Aboabo, ya zai saurari rikodin ta waya?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka tun jiya da dare, amma ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce shi ya sa na bari sai da na samu zama. In na gane ka daidai, kana da ɗan sitidiyo a Aboabo ta Kumasi a Gana, miksa ƙarama da intafes (na'urar da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) da kwamfuta, an kawo muku aikin ɗora murya a wata talla ta Hausa, mai aikin, wato furodusan, yana Kano kuma ya dage sai an kira shi ya ji lokacin da ake karantawa don ya riƙa gyara nan take. Kun gwada, ka sa waya a sifika ka ajiye gefen maik, muryarsa ta shige cikin rikodin ɗin, shi kuma duk abin da ya faɗa sai ya ji yana dawo masa, har ya gaji ya kashe.

Toh ba kai ka fara ba. Abin da yake nema tsohon abu ne a wannan sana'a, fon faci ake ce masa, kuma duk wanda ya yi aiki a gidan rediyo inda ake ɗaukar kiran masu sauraro ya san shi ko da bai san sunan ba. Abu ɗaya nake so ka riƙe kafin mu taɓa kebul ko guda: wayar nan kunne ce kawai ka ara wa mutumin. Ba ita ke ɗaukar aiki ba, aikin yana shiga kwamfutarka daga maik kai tsaye kamar kullum, WAV 48 kHz da bit 24, wayar tana raɓe a gefe. Ranar da ka bari hanyoyin nan biyu suka cakuɗe, ranar ka sayi wahala da kuɗinka.

Dawowar muryar da yake ji dalilinta ɗaya ne. Ya yi magana, maganar ta fito a wajenka, ta sake bi ta abin da kake tura masa, ta koma kunnensa bayan ɗan jinkiri, kuma ɗan Adam ba ya iya magana yana jin kansa a makare, sai harshe ya riƙa sarƙewa. Maganin shi ne abin da muke kira miks-mainas, wato ka tura masa komai banda muryarsa. A miksarka ga yadda yake: duba jerin maɓallan da aka rubuta AUX a kowane layi, su ne ke tura sautin layin zuwa wata mafita ta gefe. Maik ɗin mai karatu yana layi na 1, buɗe AUX ɗinsa. Sautin kwamfuta da za ka riƙa kunna masa ya ji abin da aka ɗauka yana layi na 3 da 4 misali, buɗe nasu su ma. Muryar da ke fitowa daga waya ka sa ta a layi na 5, shi kuma AUX ɗinsa ka murɗe shi ƙasa gaba ɗaya, in za ka iya ma ka liƙa masa salatif don wani yaro zai zo ya ga maɓalli ɗaya ya fita daban ya ce bari ya gyara. Sai ka ɗauki kebul daga mafitar AUX zuwa waya. Shikenan, ku kuna jin sa a hedifon, shi yana jin ku, ba ya jin kansa. In AUX ɗin naka yana da zaɓin PRE ka danna shi, don ko ka taɓa fedar layin abin da ke zuwa masa ba zai canja ba.

Sai ka lura da inda kwamfuta ke samun nata. In babbar mafitar miksa ce ke zuwa intafes to muryar furodusa za ta bi ta nan ta shiga rikodin, ka koma gidan jiya. Ko ka ɗauki maik daga mafitar layinsa shi kaɗai in miksar tana da ita, ko ka karkata maik hagu gaba ɗaya waya dama gaba ɗaya, ka ɗauke su a tirak biyu daban, sautin kwamfuta kuma kar ya koma cikinta. Wannan ya taɓa ci na, shekarun baya, mun yi wajen awa ɗaya da rabi muna karanta saƙon wayar da kai na wata ƙungiya, kowa ya yi sallama cikin farin ciki, na buɗe fayil na tarar da tarin mai aikin da kukan ɗansa da ƙarar cokali a kofin shayi duk suna kwance a ƙarƙashin muryar baiwar Allah da ta karanta. Washegari na biya mata kuɗin mota daga aljihuna muka sake. Tun ranar ba na fara aiki sai na ce wa na waya ya ƙirga 1 zuwa 10 ina kallon mitar tirak ɗin maik, in ta motsa akwai matsala.

Yanzu kebul, don a nan yawancin yaranmu ke faɗuwa. Ramin iyafis na waya ba irin na hedifon zalla ba ne, bakinsa gaɓa huɗu ne, TRRS, za ka ga zobba uku baƙaƙe a jikin ƙarfen. A tsarin CTIA da kusan duk wayoyin yanzu ke bi, tsini shi ne kunnen hagu, na biyu kunnen dama, na uku ƙasa, na gindi maik. Akwai tsohon tsari OMTP na tsofaffin Nokia da ire-irensu wanda ya juya na uku da na huɗu, in ka sayi kebul a kasuwar Kejetia ko Adum ka ji sauti kamar daga cikin rijiya to sau da yawa wannan ne. Ka nemi ɗan kebul mai raba TRRS gida biyu, ɗaya hoton hedifon ɗaya hoton maik. In wayarka ba ta da rami sam, kamar iPhone daga 7 na 2016 zuwa sama da Android da yawa na yanzu, sai ka ƙara da ɗan adafta na Lightning ko USB-C, amma ka tabbata yana wuce da maik don wasu na jin waƙa ne kawai.

Ko da ka samu kebul daidai saura abu biyu. Na farko ƙarfi. Mafitar AUX tana iya fitar da wajen bolt 1, ita kuwa waya ƙaramin maik na iyafis take jira mai 'yan milibolt, in ka ɗura mata wancan kai tsaye furodusa zai ji murya a fashe kamar lasifikar mai maganin gargajiya a tasha. Na biyu, waya ba ta yarda an saka mata maik sai ta ji wani nauyi a wannan gaɓar, wajen kilo-om 1 zuwa 2. In ba ta ji ba sai ta yi shiru ta ci gaba da amfani da maik ɗin jikinta, kai kana ta murɗa AUX kana mamaki, shi kuma yana jin ɗakin ne kawai daga nesa. In kuma nauyin ya yi ƙasa sosai sai ta ɗauka an danna maɓallin iyafis, ta katse kiran. Duk biyun rezisto biyu da kafasita ɗaya ke magance su: rezisto na kilo 100 a kan hanyar sautin, na kilo 1.5 tsakanin gaɓar maik da ƙasa ta ɓangaren waya, kafasita a tsakani don ta tare 'yar wutar da waya ke turo wa maik. Wannan zai rage sautin zuwa kusan kashi 1 cikin 70. Duk mai gyaran rediyo da ya iya riƙe dalma zai haɗa maka cikin minti 15 in ka zana masa a takarda. In ba ka son wannan, iRig 2 da masu jita ke amfani da shi yana yin aikin, yana da ramin shiga da ɗan maɓallin rage ƙarfi da ramin hedifon da za ka mayar cikin miksa. Gwajin kuwa mai sauƙi ne, ka kira wani, ka ƙwanƙwasa jikin wayar da farce sannan ka ƙwanƙwasa maik, ka tambaye shi wanne ya ji da ƙarfi.

In akwai kuɗi, akwai na'urorin da aka gina miks-mainas a cikinsu. Zoom PodTrak P4 yana da ramin waya na musamman, ka soka TRRS shikenan, kuma yana aiki da batir ko fawabank, abin da ba ƙaramin alheri ba ne ranar dumso, wato ranar da aka ɗauke wuta. RØDECaster Pro yana karɓar waya ta kebul ko Bluetooth. Su JK Audio da Telos suna yin haibirid, na'urar haɗa layin tarho da miksa, na gidajen rediyo, amma yawancinsu don layin tarho na ƙasa aka yi su, kai kuma ina ka ga layin ƙasa a Aboabo yanzu. Ni dai ban ce ka sayi komai ba tukuna, aiki ɗaya bai isa a ce an sayi na'ura ba, bari su zama uku huɗu.

In kai kaɗai ne mai karatu kuma mai ɗauka, akwai hanyar malalata da ni kaina nake bi wani lokaci: iyafis a kunne ɗaya, hedifon a kansa, furodusa yana jin ka ta ƙaramin maik ɗin iyafis. Tana aiki, illa dai ba za ka iya kunna masa abin da aka ɗauka ya ji da kyau ba, kuma ka rage ƙarar iyafis don maik mai kyau yana tsinto ɗan zizar da ke fita daga kunne.

Ta kwamfuta ma ana yi, WhatsApp na kwamfuta ko Zoom ko Google Meet, ka zaɓi intafes a matsayin maik. Don ya ji abin da ka kunna sai intafes ɗin yana da lufbak, wato hanyar mayar da sautin kwamfuta cikin kiran, ko ka sa manhajar Voicemeeter in Windows ce, kuma nan ma doka ɗaya ce, muryarsa kar ta koma masa. A Zoom ka kunna saitin Original Sound in ba haka ba zai riƙa cinye kiɗa da numfashi yana zaton hayaniya ce. Cleanfeed yana tafiya a cikin Chrome, akwai na kyauta, ka tura masa link ya danna kawai, sautinsa ya fi na kira nesa ba kusa ba. Manyan kamfanonin talla na Ingila da Amurka su Source-Connect suke tambaya, shi ya gaji ISDN, layin tarhon dijital na da mai layi biyu na kilobit 64 kowanne, a can su ne ke ɗaukar muryar a nasu sitidiyon, wannan wani aji ne daban kuma na biya ne. Ni abin da ya sa har yanzu na fi son waya daban da kwamfuta daban shi ne in kiran ya yanke rikodin bai san an yi ba.

Sai ƙararraki. In ka ji dit-dit-dit-dirrr a hedifon, wayar ce ta sauka 2G, tana harba sigina sau 217 a daƙiƙa kuma kebul ɗin maik na tsintarsa. Nisanta ta da maik da miksa kamar taku biyu, ko mafi kyau ka sa ta a yanayin jirgi ka kunna Wi-Fi ka yi kiran WhatsApp, da haka ma ba mai kiranka a tsakiyar aiki ya ce yana ƙofar gida. In kuma gurnani ne mai kauri huuum, wannan wutar gida ce mai 50 Hz, kusan kullum caja ce, cire wayar daga caji, cika ta tun kafin lokaci. Laftof ma in ka cire cajarsa ka ji gurnanin ya ɗauke ka san inda yake. Ka tanadi layi na biyu na wani kamfanin da data a ciki, rauta kuma a kan fawabank, don mutum yana Kano ba ruwansa da an ɗauke muku wuta.

Toh ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, don wannan ba a kebul yake ba. Kiran waya na gargajiya daga 300 zuwa 3400 Hz kawai yake ɗauka. Kaurin murya na ƙasa ya tafi, saman nan da ke bambanta s da f da sh da ts shi ma ya tafi. WhatsApp ya fi faɗi amma shi ma yana matse sauti, yana daidaita ƙarfi da kansa, yana share abin da ya ga dama. Ma'ana furodusa zai iya hukunci a kan sauri, da inda aka ja numfashi, da ko akwai fara'a a muryar, da karin kalma, don abin mamaki hawa da saukar murya suna tsira a waya ko da an yanke ƙasan, kunne yana cike gurbin da kansa, zai gane fari na launi da fari na rashin ruwa. Amma ba zai iya hukunci a kan ingancin sauti ba. Na taɓa zama da wani da ya yi ta cewa ba ya jin s ɗin mai karatu, a ƙara fito da ita, yaron ya yi ta matsa haƙora har muka gama, da fayil ya isa gare shi sai ga shi ya kira wai me ya sa kowace s kamar ana zuba ruwa a mai mai zafi. Wayarsa ce ba ta kai masa ba, s tana nan lafiyarta ƙalau tun farko. Shi ya sa yanzu kafin a fara nake ɗaukar daƙiƙa 15 in tura masa a WhatsApp a matsayin dokumen, ba saƙon murya ba don wannan matse shi ake yi, in ce sa hedifon ka ji, wannan shi ne ainihin abin da za ka karɓa, abin da za ka ji a kira inuwarsa ce kawai. In ya amince da sautin, an rufe wannan babin.

Kuma tunda Bakano ne, shirya wa maganar Hausar kanta. Mu nan Zango, Hausawan Gana, ka san yadda muke, da yawanmu ƙ da k ɗaya ne a bakinmu, baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɗ da d ma haka, sannan mace mu ce ya zo ba mu ji komai ba. Shi kuwa kunnensa zai tsaya a kan kowanne, kuma waya na ƙara dagula abin don ƙ da k a layi mara kyau kusan ɗaya suke fita, sai a yi ta sake layi ɗaya sau 10 ba a san laifin baki ne ko na netwok ba. Tambaye shi tun yau, tallar wa za ta ji? In Kano da Kaduna ne to gaskiyarsa, ka nemo mai karatun da bakinsa ya iya wannan, akwai su a nan, waɗanda suka yi karatu a can ko suka tashi a gidan da ake yin ta. In kuma mutanen unguwanninmu na Gana irin su Asawase da Sabon Zango da Nima ake so su saya, ka gaya masa cikin ladabi cewa Hausar Kano tsantsa a rediyon nan tana fita kamar labaran BBC, ana girmama ta amma ba a jin ta kamar maƙwabci ne ke magana. Ku yanke wannan kafin mai karatu ya shiga ɗaki, ba yana tsaye gaban maik ana gardama a kansa ba, yana kashe gwiwa wallahi.

Zaman kansa yana da ladubba. Rubutu ɗaya a hannun kowa, kowane layi da lamba, don a ce layi na 7 ba a ce wajen nan da ka ce kaza ba. Kai ne mai kiran lambar ɗauka da baki kafin kowane karatu, kana rubutawa a takarda wanda ya ce ya yi masa. Ka roƙe shi ya kashe maik ɗinsa lokacin karatu, sai an kai aya ya buɗe, saboda jinkirin layi yana sa ya faɗo a tsakiyar jimla yana zaton an gama. Gajeren layi kamar sunan kaya ko taken ƙarshe a karanta shi sau 3 a jere da salo daban ya zaɓa, ya fi a yi ta ɗaya ɗaya. In su uku ne a can ɓangaren, mutum ɗaya ya yi magana da mai karatu, sauran su gaya masa, in ba haka ba wannan ya ce a yi sauri wancan ya ce a natsu. Rikodin kuma kar ka tsayar da shi tsakanin ɗauka, sau da yawa mafi kyawun karatu shi ne wanda aka yi da sunan gwaji.

Muryarsa da ke tirak na biyu tana da amfani, in ya dawo bayan sati ya ce ba haka ya ce ba sai ka kunna masa. Amma ka gaya masa a farkon kira cewa kana ɗauka ya amsa da bakinsa. Kundin tsarin mulkin Gana na 1992 a sashe na 18 ya kare sirrin sadarwar mutum, kuma Kotun Ƙoli a 2018 ta ce ɗaukar maganar waya a ɓoye keta wannan haƙƙi ne, ban da ma doka ai amana ce.

Lokaci: mu GMT muke shekara duka, Najeriya da Nijar suna gabanmu da awa 1, Landan daidai muke da su da sanyi amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun wuce mu da awa 1. Rubuta masa lokacin biyu a saƙo, ƙarfe 10 namu 11 naku. Kuma ka san unguwarka, Aboabo masallaci ne a kowane lungu, daga azahar zuwa isha kiran salla zai riƙa ratsa ku, ga pragya, keke mai ƙafa uku, ga masu talla, ga ruwan sama a kan kwano in damina ce. Hantsi ya fi, tsakanin 9 da 12, Juma'a kuwa ka bar ta.

Maganar kuɗi kar ka ji kunya. Zaman da ake saurare ya fi cin lokaci, wanda za ka gama a minti 20 kai kaɗai zai kai awa, don haka ka faɗa masa kuɗin na awa nawa ne kuma abin da ya wuce ana ƙarawa. Ribar da ke ciki gare ka ita ce duk abin da ya amince da shi a kira ya zauna, in ya canja rubutu daga baya sabon aiki ne da sabon kuɗi, ka rubuta masa wannan a saƙo ya amsa da toh kafin ranar. Rabin kuɗi kuma ya shigo kafin a buɗe maik, sauran kafin fayil mai tsabta ya fita.

Gobe da daddare ka haɗa komai ka kira wani abokinka, zai fi kyau wanda ke Najeriya don ka ji irin jinkirin da za ka samu, ya ƙirga 1 zuwa 10 kana kallon mita, ka ƙwanƙwasa waya ka ƙwanƙwasa maik, ka kunna masa wani tsohon aiki ka ji ko ya isa gare shi, ka tambaye shi ko yana jin kansa. In wani abu ya ƙi, ɗauki hoton bayan miksar da na bakin kebul ɗin ka turo min, ko ka biyo da su bayan la'asar, ina da rezisto a durowa.